NMEA, binari ko Modbus: wane tsarin saƙo ya dace da kamfas ɗinka na lantarki?

Abu biyu mai sayen kamfas na lantarki ya fi dubawa a takardar bayanin na'ura: kuskurenta digiri nawa ne, sannan nawa ake sayar da ita. Shafin da ke bayyana irin saƙon da take turowa ta wayar siriyal, wato wayar da ke kai bayanai ɗaya bayan ɗaya, kuwa, yawanci tsallake shi ake yi. Alhali wannan shafin ne zai nuna maka ko na'urar za ta yi magana da sauran kayan aikinka kai tsaye, sau nawa za ka samu sabon awo a daƙiƙa ɗaya, da kuma ko za ka gane idan saƙo ya gurɓace a hanya. Kamfas mai daidaiton rabin digiri ba ya tsinana komai idan ya aiko da 238, ya iso a matsayin 328, manhajarka kuma ta karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ke kasuwa kusan kashi huɗu ne. Akwai jimlolin rubutu na NMEA 0183 da 'yan uwansu da kamfanoni suka ƙirƙira, akwai ƙunshin binari (ɗanyun lambobi, ba rubutu ba) mai lambar tantancewa ta tarawa, akwai binari mai lambar tantancewa ta CRC, sai kuma Modbus a kan wayar RS-485. Lambar tantancewa ita ce ƙaramar lambar da ake liƙawa a ƙarshen saƙo don a gane ko ya gurɓace a hanya. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ƙarfin lambar tantancewa ba shi ne abin da ya kamata ya fara yanke maka hukunci ba. Wa zai karanta saƙon, nawa ne tsawon wayar, kuma wane irin lalacewa ne ya fi yiwuwa a wurin aikinka, waɗannan su ke gaba.

NMEA 0183, tsohon da bai gaji ba

Ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka, NMEA, ita ta fito da wannan ƙa'ida a 1983, kuma har gobe ita ce yaren da na'urorin jirgin ruwa suka fi fahimta. Saƙon rubutu ne zalla, wanda ido ke iya karantawa. Kowace jimla tana farawa da alamar dala, waƙafi na raba filayenta, alamar tauraro na zuwa kafin lambar tantancewa, sai alamomi biyu na ƙarshen layi. Ba a yarda jimla ta wuce harafi 82 ba. Ga ta kamfas mafi sauƙi:

$HCHDM,238.5,M*25

HC na nufin mai maganar kamfas ne na maganaɗisu, HDM kuma alƙibla ce bisa arewar maganaɗisu. Akwai HDT mai ba da alƙibla bisa arewa ta gaskiya, akwai kuma HDG wadda ta fi su cika, domin tana ɗauke da awon na'urar tare da filayen gyara guda biyu, na karkatar da ƙarfen jirgi ke jawowa da na bambancin da ke tsakanin arewar maganaɗisu da ta taswira:

$HCHDG,101.1,,,7.1,W*3C

Waƙafi uku a jere ɗin nan na nufin an bar filaye biyu ba komai. Idan da zaɓi, HDG zan ɗauka, saboda mai karɓa yana ganin ɗanyen awon da kuma gyaran da ya kamata a yi masa, kowanne daban. Mai karɓar HDT kuwa sai dai ya yarda cewa wanda ya saita na'urar ya shigar da bambancin da ya dace. A arewacin Najeriya wannan bambanci bai kai digiri biyu ba a 'yan shekarun nan, shi ya sa mutum zai iya yin sakaci da shi bai ga illa ba, amma a arewa maso yammacin Amurka ya kai wajen digiri 15, kuma yana sauyawa a hankali, abin da ya sa ake sabunta taswirar maganaɗisun duniya duk shekara biyar.

Babban alherin wannan tsari shi ne sauƙin gano matsala. Ka jona na'urar da kwamfuta, ka buɗe kowace manhajar duba siriyal, ka juya kamfas ɗin da hannu, lambobin suna sauyawa a gabanka. Manhajojin taswirar jirgin ruwa irin OpenCPN suna karanta waɗannan jimloli ba tare da ka rubuta ko layi ɗaya ba. Idan kuma ka fara sauraro daga tsakiyar jimla, ba abin damuwa: alamar dala ba ta taɓa fitowa a cikin filayen bayanai, don haka sai ka zubar da abin da ya zo har ka ga dala ta gaba. Wannan ƙaramin abu, wato sanin inda saƙo ya fara ba tare da kokwanto ba, ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, kuma za mu ga yadda binari ke fama da shi.

Matsalar farko gudu ce. Ƙa'idar ta tsayar da bod 4800, wato bit 4800 a daƙiƙa (bit shi ne sifili ko ɗaya guda), kuma tun da kowane harafi yana cin bit goma a kan waya, harafi 480 ke wucewa a daƙiƙa. Jimlar HDM ta sama harafi 19 ce, wato ba za ka wuce 25 a daƙiƙa ba ko da ita kaɗai ce a layin. Ita HDG harafi 25 ce, kusan 19 ke nan. Isowar jimla ɗaya kawai tana cin kusan milisakan 40. Ga jirgin ruwa da ke juyawa a hankali wannan ba komai ba ne. Ga ƙaramin mutum-mutumi mai juya digiri 90 a daƙiƙa kuwa, kafin harafin ƙarshe ya iso ya riga ya wuce wurin da aka auna da fiye da digiri uku. Akwai bugun ƙa'idar mai bod 38400, kuma yawancin na'urori suna yarda a ɗaga gudun fiye da haka, sai dai da zarar ka ɗaga, tsofaffin kayan da suka san 4800 kaɗai sun daina jin ka.

Matsala ta biyu ita ce lambar tantancewar kanta. Ana ɗaukar duk haruffan da ke tsakanin dala da tauraro, a gwama su ɗaya bayan ɗaya da lissafin XOR, wanda ke ba da 1 inda bit biyu suka bambanta da 0 inda suka yi daidai, a rubuta sakamakon da alamomi biyu na lissafin goma sha shida. Layi uku na shirin kwamfuta sun isa. Idan bit ɗaya ya juye a ko'ina cikin jimlar, tabbas za ta kama shi. Amma XOR ba ta san jerin haruffa ba, kuma duk abin da ya zo sau biyu yana soke kansa. Duba jimlar nan ta farko. A ASCII, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, 2 shi ne 0x32, 3 kuma 0x33 (0x na nuna lissafin goma sha shida), bit ɗaya tak ya raba su. Idan hayaniyar lantarki ta juya wannan bit ɗin a harafin farko da kuma na biyu, ga abin da zai iso:

$HCHDM,328.5,M*25

Lambar tantancewa ta yi daidai, jimla ta yi kyau, alƙibla ta kauce da digiri 90 cif. Ga wani misalin da ya fi kusa da abin da ke faruwa a aikace. Jimlar $HCHDM,100.5,M tana da lambar 2D. Idan sifili biyun nan suka salwanta a hanya, abin da ya rage $HCHDM,1.5,M ne, kuma lambarsa 2D ce. Haruffa kuwa suna salwanta. Ma'ajiyar karɓar siriyal ta Arduino Uno, ƙaramin allon da ake ɗora wa shiri, bayit 64 ce (bayit ɗaya bit takwas ne), a bod 115200 tana cika cikin ƙasa da milisakan shida, kuma duk abin da ya zo bayan ta cika a ƙasa yake zubewa. Shirin da ya tsaya rubutu a katin ajiya ko zane a ƙaramin allo yana iya rasa haruffa ba tare da waya ta yi laifin komai ba.

Kada wannan ya tsorata ka fiye da kima. Idan lalacewar ta barkatai ce, XOR mai bit takwas tana barin kusan ɗaya cikin 256 ne kawai ya tsallake. A kan gajeriyar waya mai tsabta, inda da wuya a ga gurɓatacciyar jimla, wannan ya wadatar. Sannan rubutu yana ba ka kariya ta biyu kyauta: za ka iya ƙirga filaye, ka tabbatar cewa inda ake jiran lamba lamba ce ta zo, ka ƙi duk awon da ya kai 360. A tsofaffin bugun ƙa'idar ma lambar tantancewa ba dole ba ce ga yawancin jimloli, don haka idan ka gaji tsohuwar na'ura, duba ko tana turo tauraron kwata-kwata.

Jimlolin kamfani, da waɗanda ba su da kariya ko kaɗan

HDG da HDM ba su faɗin yadda na'urar ta karkata gaba ko gefe, shi ya sa masu ƙera kamfas suka yi nasu jimlolin a kan salon NMEA. Na'urar HMR3000 ta Honeywell, alal misali, tana turo wannan:

$PTNTHPR,85.9,N,-0.9,N,0.8,N*2C

Alƙibla, karkatar gaba da baya, karkatar gefe, kowace da harafin da ke bayyana halin da awon ke ciki. N na nufin lafiya lau, wasu haruffan kuma gargaɗi ne cewa ƙarfin maganaɗisun ko karkatar ta fita daga iyaka. A wurina waɗannan haruffa sun fi lambar tantancewar daraja, kuma zan dawo kan dalili. Kamfanin OceanServer a na'urorinsa na OS5000 ya bi wani salon, inda harafin C ke gaban alƙibla, P da R gaban karkata, T gaban zafi, ba waƙafi, amma dala da tauraro da XOR suna nan. Irin waɗannan jimloli suna da sauƙin karantawa kamar NMEA ta asali, sai dai manhajar jirgin ruwa ba lallai ta san su ba, kai za ka rubuta mai fassara su.

A can ƙasan kasuwa akwai na'urorin da ba su turo lambar tantancewa ko ɗaya. Kamfas na jerin CMPS, idan ka tura masa umarnin 0x13, bayit biyu zai maido maka, lamba daga 0 zuwa 3599, wato digiri sau goma. Shi ke nan. HMC5883L da QMC5883L da ɗalibai suka fi saye don aikin kammala karatu ma ba siriyal irin wannan suke amfani da shi ba, I2C ne, layin da guntayen lantarki ke magana da juna da shi a kan allo ɗaya, kuma babu wata tantancewa a cikinsa. Wannan ba aibu ba ne matuƙar na'urar tana kan allo ɗaya da mai karanta ta, tazarar 'yan santimita. Aibun yana zuwa ne idan aka ja waya mita biyu ta gefen injin lantarki, aka ci gaba da yarda da duk abin da ya iso.

Binari mai tarawa

Na'urorin WitMotion irin WT901 sun yaɗu saboda araha, kuma tsarin saƙonsu misali ne mai kyau na wannan kashi. Kowane ƙunshi bayit 11 ne. Na farko kullum 0x55, na biyu yana faɗin nau'in bayanin: 0x51 hanzari, 0x52 saurin juyawa, 0x53 kusurwoyi, 0x54 maganaɗisu. Sai bayit takwas na bayanai, sai na ƙarshe, wanda ake samu ta tara goman farko a ɗauki ƙananan bit takwas na jimillar. Kowace kusurwa bayit biyu ce, ƙaramin ne ke fara zuwa, ana raba lambar da 32768 a ninka da 180. Na'urar da ke kwance daidai tana nuna digiri 90 za ta iya turo wannan:

55 53 00 00 00 00 00 40 00 00 E8

Babu fassara rubutu zuwa lamba, babu neman waƙafi, tsawo ɗaya ne kullum. A bod 9600 ƙunshi 87 na iya wucewa a daƙiƙa. Ka lura dai, idan ka bar nau'uka huɗun nan duka a kunne, bayit 44 ke nan a kowane zagaye, gudun ya sauko wajen 21. Kashe abin da ba ka buƙata shi ne gyara mafi araha.

Tarawa ta ɗan fi XOR, amma ba da yawa ba. Idan bit biyu masu matsayi ɗaya suka juye ta fuska ɗaya, yawanci takan kama, inda XOR ba ta gani. Idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, kamar misalin 238 da 328, ita ma makauniya ce. Jeri ma ba ta san shi ba: musanya 00 40 zuwa 40 00, jimilla tana nan E8, digiri 90 ya koma kusan sulusin digiri. Kuma tun da bit takwas ce, rabon da ke tsallakewa a lalacewar barkatai shi ne dai ɗaya cikin 256.

Inda wannan tsari ya fi ba da wahala shi ne gano farkon ƙunshi. 0x55 ba kamar alamar dala ba ne, yana iya fitowa a tsakiyar bayanai a kowane lokaci. Har ma 55 53 a jere na iya fitowa: kusurwar digiri 117.19 daidai da lamba 0x5355 take, wadda a kan waya take zuwa a matsayin 55 53. Shirin da ya fara sauraro a tsakiyar ƙunshi yayin da na'urar ke fuskantar wannan kusurwa zai ɗauka ya ga kan saƙo, ya ƙirga bayit 11 daga nan, ya haɗa wutsiyar wani ƙunshi da kan wani. A nan lambar tantancewa tana aiki biyu, kama kuskure da kuma tabbatar da cewa an tsaya a wurin da ya dace. Mai fassara na kirki, idan jimilla ba ta yi daidai ba, bayit ɗaya kawai yake zubarwa ya sake neman 0x55 daga na gaba. Wanda ke zubar da duka goma sha ɗayan yana iya daɗewa yana bin sawun da ba shi ba. Misalan shiri da yawa da ke yawo a intanet ba su ma duba bayit na ƙarshen, suna ganin 55 53 sai su hau lissafi.

Ba na'urori masu araha kaɗai ke tarawa ba. Xsens, wanda kayansa ke da tsada, yana fara saƙo da 0xFA, ya sa tsawon bayanan a ciki, ya rufe da bayit ɗaya wanda ke sa jimillar ta koma sifili. Akwai kuma matsakaiciyar hanya, lissafin Fletcher, mai tara jimilla biyu inda ta biyun ke tara ta farkon, don haka yana jin sauyin jeri. Shi u-blox ke amfani da shi a saƙonnin UBX, haka ma MicroStrain a nasa tsarin.

Binari mai CRC

Tun 1961 W. Wesley Peterson ya gabatar da CRC, kuma ita ce kariyar da ta fi ƙarfi cikin waɗanda za ka samu a kamfas. Maimakon tarawa, ana ɗaukar saƙon gaba ɗaya kamar doguwar lamba guda, a raba ta da wata zaɓaɓɓiyar lamba, a aika da ragowar. Saboda haka matsayin kowane bit yana shiga lissafin. Na'urorin PNI irin TCM da Prime suna fara ƙunshi da bayit biyu masu faɗin tsawonsa, sai bayit ɗaya na nau'in saƙo, sai bayanan, sai CRC mai bit 16. Umarnin neman awo bayit biyar ne:

00 05 04 BF 71

Irin CRC ɗin da suke amfani da ita, ta CCITT, tana kama duk kuskuren bit ɗaya, duk na bit biyu a saƙo mai tsawon na kamfas, duk kuskuren da adadin bit ɗinsa mara ne, kamar uku ko biyar, da duk wata lalacewa da ta tsaya cikin bit 16 a jere. Wannan na ƙarshen shi ne ya dace da yadda hayaniya take zuwa a zahiri, domin tartsatsin injin ko na makunni yakan shafi bit da yawa maƙwabtan juna a lokaci guda. A lalacewar barkatai kuwa kusan ɗaya cikin 65,536 ke tsallakewa, wato ta fi masu bit takwas ninki 256.

Ana yawan cewa binari ya fi rubutu gajarta nesa ba kusa ba. Ga kamfas abin bai kai haka ba. Amsar PNI mai ɗauke da alƙibla da karkata biyu, kowace a bayit huɗu, bayit 21 ce. Jimlar PTNTHPR ta sama mai ɗauke da abu ɗaya harafi 33 ce. Ribar kusan sulusi ce. Sai an fara tura ɗanyun awo tara ko goma sha biyu sau ɗari a daƙiƙa sannan bambancin yake zama babba. Don haka idan alƙibla kaɗai kake so sau goma a daƙiƙa, gajarta ba hujja ba ce ta barin rubutu.

Farashin CRC shi ne ciwon kai wurin haɗawa. Sunan CRC-16 ba abu ɗaya yake nufi ba: akwai bambancin lambar rabawa, da lambar da ake farawa da ita, da ko ana juya jerin bit, da wane bayit ke fara fita. Kuskure ɗaya cikin waɗannan, na'urar za ta yi maka shiru kamar ba a jona ta ba, kuma ba abin da ido zai karanta a allo. Hanyar rarrabewa ita ce ka ba shirinka rubutun 123456789 ka ga amsa. Irin ta XMODEM, mai farawa da sifili, wadda ita PNI ke amfani da ita, 0x31C3 take bayarwa. Mai lambar rabawa iri ɗaya amma mai farawa da 0xFFFF tana ba da 0x29B1. Ta Modbus 0x4B37. Sai kuma ka gwada da misalin ƙunshin da ke cikin littafin na'urar, kamar 00 05 04 da ya kamata ya ba ka BF 71, tun kafin ka jona waya.

Wanda ke son sauƙin rubutu da ƙarfin CRC a tare, akwai masu ba da hakan. VectorNav a VN-100 yana turo jimloli masu farawa da dala irin VNYPR, kuma yana bari ka zaɓi XOR mai bit takwas ko CRC mai bit 16 a ƙarshensu. Kuɗinsa ne dai ba na kowa ba.

Idan waya ta yi tsawo

Duk abin da aka faɗa a sama game da tsarin saƙo ne. Wutar da ke ɗauke da saƙon daban ce, kuma sau da yawa ita ce tushen matsalar. Fitar TTL, wato wutar da ke fita kai tsaye daga guntun lantarki, mai bolt 3.3 ko 5, ta cikin akwati ɗaya ce. RS-232 tana kai wajen mita 15, kuma ba a jona ta kai tsaye da ƙafar Arduino ba tare da mai sauyawa irin MAX3232 ba, domin wutarta tana sauka ƙasa da sifili kuma a juye take. RS-422 da RS-485 suna tura saƙo a kan waya biyu murɗaɗɗu, mai karɓa yana auna bambancin da ke tsakaninsu, don haka hayaniyar da ta taɓa su tare tana soke kanta, kuma a ƙaramin gudu suna kai wajen mita 1200. NMEA 0183 ma tun bugu na 2.0 a 1992 ta koma irin wannan. Idan lambar tantancewarka tana yawan faɗuwa, neman CRC mai ƙarfi ba magani ba ne, ƙarin saƙonni kawai za ka riƙa zubarwa. Wayar za ka gyara.

A nan Modbus ke shigowa. Kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979 don injinan masana'antu. Na'urori da dama suna zama a kan wayar RS-485 ɗaya, kowace da adireshinta daga 1 zuwa 247, ba mai magana sai an tambaye ta, kuma kowane saƙo yana rufewa da CRC mai bit 16 wadda ƙaramin bayit ɗinta ke fara fita. Shiru na tsawon harafi uku da rabi shi ke raba saƙo da saƙo. Ga filin faifan sola masu bin rana, ko hasumiya mai eriya da yawa, inda kamfas goma ke warwatse kuma akwai inbata a kusa, wannan shi ne zaɓin da ba na jayayya a kansa. Amma tambaya da amsa suna cin lokaci. Tambaya bayit takwas ce, amsar kusurwa uku bayit 11, da shirun tsakani kusan milisakan 30 ke nan a bod 9600. Na'ura ɗaya za ta ba ka wajen awo 30 a daƙiƙa, goma a layi ɗaya kowace wajen uku. Ga faifan sola ya yi yawa ma, ga jirgi marar matuƙi bai isa ba.

Masu sabon jirgin ruwa kuma suna da NMEA 2000, wadda ke kan layin CAN, irin wanda ake amfani da shi a motoci, mai gudun kilobit 250 a daƙiƙa, inda alƙibla ke tafiya a saƙo mai lamba 127250 kuma guntun lantarkin da kansa yake duba CRC. Idan jirgin ya riga yana da wannan layin, sayi kamfas mai jin yarensa ka huta.

Abin da babu lambar da za ta kama

Lambar tantancewa kamar jimillar da ɗan kasuwa ya rubuta a ƙasan rasit ce kafin ya ɗora kaya a mota: tana nuna maka cewa abin da aka aiko shi ya iso, ba ta nuna cewa kayan masu kyau ne. Kamfas da aka ɗaure kusa da lasifika, ko kan ƙarfen da ya ɗauki maganaɗisu, ko gefen wayar batir mai jan wuta da yawa, zai turo alƙiblar ƙarya da CRC marar aibu. Shi ya sa na ce haruffan gargaɗin HMR3000 sun fi daraja, kuma PNI ma yana da filin da ke faɗin an samu gurɓatar maganaɗisu da wanda ke faɗin ko an daidaita na'urar. Tsakanin na'ura mai XOR da alamar gargaɗi da wata mai CRC ba gargaɗi, ga yawancin ayyuka ta farkon zan ɗauka.

To, ga yadda nake yanke hukunci. Idan kamfas ɗin zai yi magana da kayan da ba kai ka ƙera ba, allon taswira ne ko matuƙin jirgi na atomatik, NMEA 0183 ce, kuma HDG in akwai. Idan kai ne za ka rubuta shirin karɓa, awo goma zuwa ashirin a daƙiƙa sun ishe ka, waya kuma gajeriya ce, har yanzu rubutu ya fi, domin ranar da abu ya lalace a wurin aiki kwamfutar hannu da ido sun isa a gano shi. Binari mai tarawa ya yi wa aikin koyo da na'urar da ba rai ko dukiya a kanta, da sharaɗin ka duba jimillar kuma ka rubuta mai fassara da ya iya komawa kan sawu. Da zarar saƙon zai bi ta rediyo, ko awon zai juya sitiyari sau hamsin ko ɗari a daƙiƙa, CRC mai bit 16 ta zama dole. Doguwar waya ko na'urori da yawa, Modbus.

Kowanne ka ɗauka, akwai giɓin da kai za ka cike. Jimlolin HDG da HDM ba su da lambar jeri, ƙunshin kusurwa na WitMotion ma haka, don haka idan saƙo ya ɓata ɗungurungum ba wanda zai sanar da kai. Idan waya ta tsinke, shiri marar lura zai ci gaba da amfani da alƙiblar ƙarshe da ya samu kamar yanzu aka auna ta. Sa masa agogo: idan an wuce tsawon saƙo uku ko huɗu ba a samu ingantacce ba, a ɗauki alƙiblar a matsayin babu. Ƙara binciken hankali, wato awon da ya yi tsallen da na'urar ba za ta iya juyawa ba cikin wannan ɗan lokacin a ajiye shi gefe, tare da tuna cewa daga 359 zuwa 1 digiri biyu ne, ba 358 ba. Wannan binciken ne zai kama 328 da 1.5 ɗin da XOR ta bari. Sannan ka riƙa ƙirga saƙonnin da suka faɗi tantancewa, kamar yadda TinyGPS++, shirin karanta jimlolin NMEA a Arduino, ke yi, ka bar ƙirgar tana gudu yayin da kake kunna janareta, inbata da injinan da za su yi aiki tare da na'urar. Idan lambar ta fara hawa da zarar wani ya tashi, nisanta wayar kamfas da tasa, ko ka koma RS-485.